An ce wa Inna ta bar kemo ta sha mai ƙara garkuwa

Umaru Arkilla: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma don Allah masu ilimin abin su yi magana. Ƙanwar mahaifiyarmu ce, Inna, wadda ta yi renona, shekararta 52. Tun bayan ƙaramar salla ta ji ƙullutu a nononta na hagu ta ɓoye, sai da hammata ta kumbura riga ta fara matse ta sannan ɗiyarta ta gani. Mun kai ta asibiti, an yanki 'yar tsoka an kai ɗakin gwaji, likita ya ce daji ne, za a fara kemo, wato ɗaura maganin kashe ƙwayoyin daji, kafin a yi aiki. To jiya wata mata ta zo gidan da jaka cike da kwalabe, ta ce kemo guba ne, Turawa sun bar shi sun koma ga garkuwar jiki. Har ta nuna muna bidiyo a wayarta, wai a Amurka an ba mutane magani duk sun warke, ɗari bisa ɗari. Ta ce nata ma aikin da yake yi ke nan. Kwalba dubu 85, a sha shida. Inna ta riga ta karkata can saboda tsoron zubewar gashi. Da gaske Turawa sun bar kemo?

Baba Sidi Kanwuri: Wa alaikumus salam. Umaru, Allah shi ba Inna lahiya. Mu dai abin da munka tashi munka iske, daji bai son ƙarhe. Da an taɓa shi da wuƙa ko allura sai shi hwashe shi bi jiki. Wata maƙwabciyarmu anka yi ma aiki, ba ta yi wata huɗu ba. Ku yi hankali.

Nas Shafa'atu: Baba, Allah ya jiƙan maƙwabciyarku. Amma in tambaye ka, wata nawa ta yi tana shafe-shafe a gida kafin a kawo ta? Mu da ke kwana a ɗakin mata mun san yadda suke zuwa. Nono ya riga ya fashe, an naɗe shi da tsumma da ganye, wari ya hana 'yan jinya zama. A nan in an yi aiki ta rasu sai a ce wuƙa ce. Ciwon ya daɗe da kai wa huhu da ƙashi kafin wuƙa ta zo.

Baba Sidi Kanwuri: Ɗiyata, kin hwaɗi gaskiya, ta kai shekara guda tana magani gida. Ban ce komi ba.

Dakta Nasiru: Umaru, sannu da jinya. Ba su bar kemo ba, har gobe ana ɗaura shi a Landan da Niyok. Bidiyon kuwa na san shi, tun 2022 yake yawo a wayoyi, kowace shekara sai ya dawo kamar sabo. Abin ya faru da gaske. Asibitin daji na Memorial Sloan Kettering da ke Niyok ne ya gwada wani magani mai suna dostarlimab a kan masu dajin dubura. Rahoton farko mutum 12 ne, kuma dukkansu ƙarin ya ɓace bayan wata shida ana ɗaura musu shi duk sati uku. Mu ma sai da muka riƙe baki. Sai dai ba kowane mai dajin dubura aka ɗauka ba, tsinto su aka yi. Waɗanda aka zaɓa, ƙarin nasu yana da wata tawaya: ba ya iya gyara kurakuran da ke aukuwa in ƙwayar halitta tana kwafar kanta. Kurakuran kan taru har ƙarin ya fita daban, sojojin jiki su hango shi daga nesa. A masu dajin dubura goma da ƙyar ka sami ɗaya mai irin wannan. Kuma maganin ɗaura shi ake yi ta jijiya, a gadon asibiti. Wadda ta zo gidanku ta ɗauki labarin wani ta liƙa a kwalbarta.

Aminu Runjin Sambo: Dakta, da girmamawa, ku likitoci kullum haka kuke. Kai da bakinka ka ce sojojin jiki ne suka kashe ƙarin. To mu me muke cewa? In garkuwa ta yi ƙarfi ciwo ba ya zama. Ban san matar ba, amma ni ma shekara uku ina wannan harka. Kayanmu ganye ne zalla, da lambar NAFDAC a jiki, kuma akwai waɗanda suka sha suka ba da shaida.

Luba Famasi: Malam Aminu, juya kwalbar taka ka karanta ƙananan rubutun da ke baya. A kayan ganye da yawa za ka ga an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi na warkarwa ba. Lambar tana nufin an yi rajista, an duba ba a ga abin da zai cutar da mutum nan take ba. Ba ta nufin yana narkar da ƙari. Ruwan leda ma da lamba a jikinsa.

Aminu Runjin Sambo: Anti Luba, ba sai an kai ga ruwan leda ba.

Dakta Nasiru: Malam Aminu, tambayarka tana da kyau, bari in tsaya a kanta, don nan ne ake cin kuɗin mutane. A jininmu akwai fararen ƙwayoyi, daga cikinsu akwai waɗanda ake kira ƙwayoyin T. Ka ɗauke su kamar 'yan sintirin unguwa. In baƙo ya shigo, irin ƙwayar tarin fuka ko ƙyanda, ba wuya su gane shi. Daji kuwa ɗan gida ne ya lalace. Da fuskar gidan yake yawo, ya san sunan kowa. Sannan Allah ya yi wa waɗannan 'yan sintiri birki don kada su afka wa mutanen gida. In ƙwayar T ta zo za ta kai hari, aka taɓa mata wani maɓalli da ke jikinta, sai ta sauke sanda ta wuce. Wasu nau'o'in daji sun koyi taɓa wannan maɓalli.

Ka ga ke nan matsalar ba ƙarancin 'yan sintiri ba ce. Ko ka ninka su goma ka ciyar da su nama, in ɓarawo ya san inda birkinsu yake, wucewa za su yi su bar shi. Mutum biyu ne aka fi sani da wannan aiki. Tasuku Honjo na Jami'ar Kyoto a Japan ya gano maɓallin da ake kira PD-1 a 1992. James Allison a Amurka ya yi aiki a kan wani, CTLA-4, ya nuna a jikin ɓeraye cewa in an toshe shi ƙari na narkewa. An ba su kyautar Nobel tare a 2018. Maganin farko na wannan layi, ipilimumab, ya sami izini a 2011, sai pembrolizumab da nivolumab a 2014. Aikinsu toshe maɓallin ne, daji ya laluba ya rasa. Wannan shi ake kira imunoterafi. Yanzu ka gaya mini wane sinadari ne a kwalbarka ke toshe PD-1.

Aminu Runjin Sambo: Ni ba a koya muna haka a horo ba. An dai ce yana tada garkuwa.

Hajiya Inno Mabera: Dakta, to in haka ne me ya hana a ɗaura wa kowa wannan mai cire birki a huta da kemo? Ko kuɗi ne kawai?

Dakta Nasiru: Hajiya, kuɗi na ciki, amma ba shi kaɗai ba. A yawancin nau'o'in daji, waɗanda maganin ke yi wa aiki ba su kai rabi ba. Ya fi ƙarfi a dajin fata da ake kira melanoma, da wasu na huhu da ƙoda, da wani dajin kaluluwa mai suna Hodgkin. A wasu wuraren ma haɗa shi ake yi da kemo. Na biyu, kabu-kabun da aka cire wa birki ba ɓarawo kaɗai yake bankewa ba. Na taɓa karɓar wani dattijo da ya dawo daga jinya a ƙasar waje bayan an ɗaura masa irin wannan sau uku. Zawo ya kama shi, sau goma sha a yini, har da jini. 'Ya'yansa suka ɗauka kwalara ce ko abinci, kwana biyar suna ba shi ruwan gishiri da sukari da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ashe sojojin jikinsa ne ke cin hanjinsa. Da me muka tsayar da shi? Da maganin da ke danne garkuwar jiki. Wani huhunsa ne ke kumbura, wani hanta, wani kuma ya tashi da ciwon suga da zai bi shi da allurar insulin har ƙarshen rayuwa.

Shi ya sa in na ji an ce "ƙara garkuwa" nakan yi murmushi. Garkuwar da ta wuce kima ita ma ciwo ce. Cutar lupus ke nan, da amosanin gaɓoɓi mai murɗe yatsu, da sugan yara.

Buhari Ɗalibi: Dakta, ƙari a kan naka, mu an koya muna abin ya girmi Allison nesa ba kusa ba. Wani likitan fiɗa a Niyok, William Coley, ya ci karo da labarin wani mai ƙari a wuya da ya warke bayan ciwon fata mai zazzaɓi ya kama shi. Sai a 1891 ya fara yi wa masu daji allurar ƙwayoyin cuta da gangan don zazzaɓi ya tashi. Wasu ƙarin ya ja baya, wasu kuma cutar da ya sa musu ce ta kashe su, har ya koma amfani da matattun ƙwayoyi. Da gasa daji da na'ura da kemo suka zo aka watsar da hanyarsa shekaru da dama.

Luba Famasi: Buhari ya karanta darasin jiya, yau mu za mu sha.

Buhari Ɗalibi: Anti, jarrabawa saura sati biyu, a bar ni in yi bita a nan.

Baba Sidi Kanwuri: Ni duk wagga magana ta ɓeraye da Japan ta yi mani nisa. Akwai mutum guda da munka sani wanda wanga magani ya yi ma aiki?

Dakta Nasiru: Akwai, Baba, kuma ka san shi. Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka, wanda ya yi yaƙi da kurkunu tare da Janar Gowon. A Agustan 2015, yana da shekara 90, ya fito ya ce an gano melanoma a hantarsa da wurare huɗu a ƙwaƙwalwarsa. Aka yi masa aiki a hanta, aka gasa na ƙwaƙwalwa, aka ɗaura masa pembrolizumab. A Disambar shekarar ya ce hoto bai nuna komai ba. Ya rayu har ƙarshen 2024, ya cika shekara 100. Amma Baba ka lura, har da wuƙa a cikin jinyarsa.

Baba Sidi Kanwuri: To, ga ƙarhe ya taɓa daji mutum ya ƙara shekara tara. Kurkunu kam na sha shi ina yaro, ƙahwata ta dama har yau da tabo. Ashe mai kurkunu ne.

Malam Hali Goronyo: Salamu alaikum, na iske an yi nisa. Dakta, mu nan bakin dam abin da ya dame mu mafitsara ce. Yaro shi tashi da tsargiya, ana cewa alamar balaga ce, in ya manyanta sai a ce dajin mafitsara. Ƙanen babana haka ya tafi. Na ji an ce allurar BCG ta jarirai ana maganinsa da ita. Gaskiya ne ko ita ma labarin waya ce?

Dakta Nasiru: Gaskiya ne, Malam Hali, kuma yana cikin tsofaffin imunoterafi da ake amfani da su har yau. Ita dai wannan BCG mai barin tabo a dantse, ta tarin fuka. Wani likita a Kanada, Alvaro Morales, ya wallafa sakamakonsa a 1976. Ba allura ake yi ba, ta robar fitsari ake zuba ta cikin mafitsara, mutum ya riƙe kamar awa biyu, sau ɗaya a sati har sati shida. Sojojin jiki su taso wa ƙwayar, su haɗa da ƙarin da ke wurin. Sai dai ga inda gizo ke saƙar. Tana aiki ne ga ƙarin da ke sama-sama, wanda bai nutsa cikin naman mafitsara ba, kuma an riga an kankare shi. Dajin da tsargiya ke haifarwa galibi wani nau'i ne daban, kuma mutanenmu ba sa zuwa sai ya nutsa. A nan BCG ba ta da abin yi. Maganin da zai ceci yaran Goronyo da Wurno da Kware shi ne praziquantel da ake rabawa a makarantu, tun tsutsar ba ta yi shekaru tana cin bangon mafitsara ba. Babba kuma da ya ga jini a fitsari, ko sau ɗaya ne ba zafi, ya taho.

Malam Hali Goronyo: Ƙwayar nan yara na gudunta, wai tana juya kai. Zan yi wa iyaye magana ranar Juma'a.

Alhaji Ɗan Illela: Ku dai kun ƙi zancen raƙumi. Mutane nawa ka zuwa kara neman nononshi saboda daji. Wani yaro ya ce mani Turawa da kansu sun gano magani cikin raƙumi.

Buhari Ɗalibi: Alhaji, yaron bai yi ƙarya ba, rabin labarin ya ba ka. Masu bincike a Brussels ta Beljiyam sun wallafa a 1993 cewa jinin raƙumi na da wasu antibodi ƙanana da babu irinsu a jikin mutum. Antibodi wani furotin ne da jiki ke ƙerawa, ya je ya manne wa abu guda tak, kamar makulli da kwaɗonsa. Na raƙumi saboda ƙanƙantarsu suna shiga lungun da namu ba sa shiga. Har an yi magani da irinsu daga lama, ɗan'uwan raƙumi na Kudancin Amurka, aka ba shi izini a Turai a 2018 don wata cutar daskarewar jini. Amma sai an zaɓo guda ɗaya cikin dubbai, an ƙera shi a masana'anta, an yi allurarsa. In ka sha a ƙwarya, ciki zai narkar da shi kamar yadda yake narkar da tsire.

Luba Famasi: Kuma Alhaji a riƙa tafasa nonon. Ɗanye na ɗauke da cutar da ke sa zazzaɓin da ba ya jin maganin maleriya, ga wanda ke kan kemo kuwa abin ya fi haɗari.

Alhaji Ɗan Illela: Ni dai nono ina shan abina. Amma na ji ta tafasawa.

Nas Shafa'atu: Ni abin da nake so mutane su gane, wannan harka ta antibodi mun daɗe da ita a gida, suna ne ba mu ba ta ba. Maganin sarar kububuwa da ake ɗaurawa a asibitin Kaltungo ta Gombe, ai tumaki ko dawaki ake yi wa allurar dafin kaɗan-kaɗan, jikinsu ya ƙera antibodi, a tace daga jininsu. Haka maganin mashaƙo da aka yi ta nema lokacin da ya ɓarke a Kano a 2023, daga jinin doki yake. Aro ne na garkuwar dabba.

Buhari Ɗalibi: Wanda ya fara na mashaƙon, Emil von Behring, shi ya karɓi Nobel ta farko a fannin likitanci a 1901.

Luba Famasi: Buhari, je ka yi karatu.

Yakubu Gawon Nama: Umaru, ni shawarata ku haɗa kuɗi ku kai ta Indiya. Na ji can suna ɗibar jinin mutum su gyara shi su mayar, daji ya mutu. A bar wahalar nan.

Dakta Nasiru: Yakubu, CAR-T kake nufi. Ana tace ƙwayoyin T daga jinin mara lafiya, a dasa musu wani ƙugiya a ɗakin gwaji da zai kama ƙwayar dajin, a hayayyafa su, a mayar. Yarinya ta farko da aka yi wa, Emily Whitehead, tana da shekara 6 a Filadelfiya a 2012, dajin jini ya ƙi jin komai. Ta warke, amma sai da ta kwanta a ɗakin kulawa ta musamman, zazzaɓi da faɗuwar hawan jini suka kusa tafiya da ita. Da Amurka ta ba da izinin na farko a 2017, kuɗinsa dala 475,000. Indiya ta yi nata, NexCAR19, ta amince da shi a Oktoban 2023, a kusan kashi ɗaya cikin goma na wancan farashi. A Jamus har sun gwada shi a kan masu lupus mai tsanani ya kwantar da ita. Duk da haka inda ya yi suna dajin jini ne da na kaluluwa da na ɓargo. Dajin nono ba ya cikin abin da aka amince a yi da shi. In wani dillali ya ce muku zai kai Inna a yi mata, ku riƙe aljihunku.

Umaru, duk mun yi ta kewaye. Ba na duba mara lafiya ta waya, likitanta ne mai magana ta ƙarshe. Amma duba takardar gwajin tsokar, akwai layi uku: ER, PR, HER2. An cike su?

Umaru Arkilla: Ga ta a hannuna. An ce mu biya kuɗin ƙarin gwaji muka biya, sati uku kafin ya fito, ban ma san amfaninsa ba. ER babu, PR babu. HER2 an rubuta 3 da alamar tarawa.

Dakta Nasiru: To alhamdulillahi da kuka biya, mutane da yawa a nan suke tsallakewa. Wannan layin ya fi bidiyon can muhimmanci a gare ku. HER2 wani furotin ne a bayan ƙwayar dajin da ke ce mata ta yi ta haihuwa. Kusan mace ɗaya cikin biyar ko shida masu dajin nono ke da shi da yawa. Da can shi ne mai saurin kisa. Tun 1998 akwai antibodi da aka ƙera dominsa, trastuzumab, wanda aka fi sani da Herceptin. Yana manne wa HER2 ya rage masa ihu, kuma ya zama tuta da ke kiran sojojin jiki su zo su kashe ƙwayar. Ka ga Inna na son maganin da ke aiki da garkuwar jiki, kuma akwai shi, nata ne ma. Sai dai tare da kemo yake tafiya, ba a madadinsa ba. Duk sati uku, yawanci shekara guda. Kafin a fara za a yi mata hoton zuciya, a riƙa maimaitawa, don yakan raunana bugunta ga wasu. Shi kansa ba ya cika zubar da gashi, kemon ne ke yi.

Da a ce duka ukun babu, nau'in da ke da yawa a matan Afirka ta Yamma, da zancen pembrolizumab za mu yi.

Umaru Arkilla: Dakta, shekara guda duk sati uku. Ni malamin firamare ne.

Luba Famasi: Na san nan za a zo. Yana da tsada, ba zan ɓoye maka ba, ko da yake bai kama ƙafar pembrolizumab ba, wanda a Amurka ɗauri ɗaya ya haura dala 10,000. Amma ba dole sai mai sunan Herceptin ba. Wasu kamfanoni a Indiya da Koriya ta Kudu suna yin kwatankwacinsa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tantance na farko a Disamban 2019, kuma sun fi sauƙi. Ka tambayi likitanta wanne suke da shi. Ka tambaye shi kuma zancen wata shida, don wani babban gwaji a Ingila da aka wallafa a 2019 ya nuna ga mata da yawa wata shida ya kusa kamo shekara. Shi zai auna ko ya dace da ita. Sannan ka je ofishin jin daɗin marasa lafiya ka tambayi asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa masu daji, wanda aka fara a 2021 da dajin nono da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza (prostate), ko asibitinku na ciki. In tana da inshorar lafiya a duba abin da ta ɗauke.

Gargaɗi ɗaya. Da zarar an ji kuna nema, wani zai kira ka ya ce yana da shi rabin kuɗi. Maganin nan a firji yake zama, tsakanin maki 2 da 8. Ka tuna zafin garin nan a watan Afrilu, ka tuna yadda wuta take. Na taɓa ganin kwalbar da aka kawo daga wata jiha a aljihun direba, an naɗe ta da jarida, an biya kuɗinta cas. Ban yarda an ɗaura ba, mai ita ya yi ta zagina. Ga jabu kuma, NAFDAC ta sha fitar da sanarwa a kan na magungunan daji. Ka saya ta hannun famasin asibiti, ka riƙe kwali da rasit.

Hajiya Inno Mabera: Wannan tsada ita ta sa na kai jikokina mata biyu aka yi musu rigakafin dajin bakin mahaifa da aka zo da shi makarantarsu. Kyauta. Kishiyar uwarsu ta hana nata, wai hana haihuwa ne.

Nas Shafa'atu: Hajiya kin kyauta. Tun Oktoban 2023 aka fara a ƙasar nan, 'yan shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya. Ostireliya ta fara tun 2007, waɗanda aka yi wa suna nan suna goyo. Haka ta ciwon hanta da ake yi wa jariri ranar haihuwa, dajin hanta take tarewa. Masu haihuwa a gida su ne ke rasa ta.

Aminu Runjin Sambo: Ni dai ban taɓa ce wa kowa ya bar asibiti ba. A haɗa biyun.

Dakta Nasiru: Ko haɗawar sai likitanta ya ga kwalbar, Malam Aminu, don wasu ganyayen na wahalar da hanta, kemo kuma ta hanta yake bi. Kuma dubu 85 sau shida, dubu 510 ke nan da aka cire daga kuɗin ɗauri.

Umaru Arkilla: Na gode ƙwarai jama'a, Allah shi saka. Na kira yayyena mun yi magana, za mu sa gonar Kware jingina in ta kama. Matsalar yanzu Inna ce. Na karanta mata duk abin da Dakta ya rubuta, ta ce ta ji, amma ita ba ta zama da ƙwaryar molo a ka tana da surukai. Ko sadaka aka ba ta ba ta so.

Maman Halifa: Tun ɗazu ina karantawa ban sa baki ba. Umaru, ni aka yi wa. Shekara huɗu ke nan, nono ɗaya gare ni, kuma irin na Innarka ne, mai 3 ɗin nan. Gashi ya zube tun ɗauri na biyu, na tashi da safe na gan shi a kan matashi, na shiga bayi na yi kuka na fito na ɗaura kallabi. Ba wanda ya sani sai mijina da mai kitsona, ita ma don ta daina ganina ne. Abinci ya koma kamar ƙarfe a baki, kunun tsamiya kaɗai ke shiga. Wata uku da gama kemo ya fara tsirowa, da laushi kamar na jariri. Kar ka ƙara karanta mata rubutun Dakta, ba shi take son ji ba. Arkilla ta wajen ina kuke?

Umaru Arkilla: Bayan masallacin Juma'a, Anti. Zan turo maki kwatance ta akwati.

Maman Halifa: Gobe bayan la'asar in sha Allah. Ka ce wa maza su ba mu wuri, zan cire kallabi ta ja kitson da hannunta.